Baba Kashe-Wuta Ya Tafi, Injiniya Ya Karɓi Mabuɗi

Daga Allah muka zo, komawa gare Shi kuma babu fashi. Da hantsin Talata, sha bakwai ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran Baba Kashe-Wuta, mai gyaran fiyano a shagon da ke ƙarƙashin benen teloli, bayan jinyar kwana tara. A madadin ɗaukacin makaɗan fiyano, manyanmu da masu jin kansu manya, na ɗauki alƙalami domin in shaida wa duniya girman wannan rashi, da kuma girman musibar da ta biyo bayansa sanye da farin gilashi.

Baba, mu muka laƙaba maka sunan nan. Mutum zai shigo yana kumfar baki cewa fiyanonsa na ƙara, yana laluben soket ya jona ya nuna maka, kai kuwa ko ɗaga kai ba ka yi. "Kashe wuta," abin da kake cewa ke nan. Hujjarka ita ce ƙarar madanni ba ta lantarki ba ce, roba ce ke dukan ƙarfe, kiɗa kuma rufa mata asiri yake yi. Sai ka kashe fanka, ka ɗaga murya telolin sama su tsayar da kekunansu, ka kara kunne, ka bi madannai sittin da ɗaya da yatsa guda. Wanda ya ce ƙwas yana sauka, ƙyallen da ke tare shi a ƙasa ne ya cinye. Wanda ya ce ƙwas yana dawowa, na sama ne. Mai ƙiii, giris ɗinsa ya bushe. Mai kacau-kacau kuwa, hukuncinka shi ne mai shi ƙazami ne, kuma da aka buɗe nawa aka sami haƙoran mataji biyu da tsohon layin waya, ban ɗaukaka ƙara ba.

Kafin in san ka na san surukinka, mijin babbar 'yarka, wanda ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya ba tare da ya wahalar da wata makaranta ba. Mai sitidiyo ne ya kore ni, ya ce duk inda kiɗa ya yi shiru sai a ji kamar akuya na tafiya a kan kwano. Na kai wa Injiniya fiyanona. Ya gyara zaman gilashi, ya yi dogon nazari, ya bayyana cewa ƙwaƙwalwar na'urar ce ta rikice. Ya canza lasifika. Ƙara na nan. Ya sake canza lasifika. Da ilimi ya ƙare, sai ya ɗauko gwangwanin man feshi, irin wanda ake kwance tsatsar noti da shi, ya yi wa kowace kafa wanka. Robobin ciki suka kumbura, madannai huɗu suka daina magana gaba ɗaya. Ya ce ai ga shi nan, sun daina ƙara.

Da na kawo maka, ka buɗe murfi, ka shinshina, ka dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya soya maka fiyano?"

"Surukinka ne, Baba."

"Allah Ya ba 'yata haƙuri."

Kwana uku ka yi kana wanke robobin nan da sabulu da tsohon buroshin haƙori. Ka yanka sabon ƙyalle da reza, siriri, daidai da tsohon. Ka shafa giris da kan tsinken ashana, ɗigo ɗaya ga kowane madanni, kana cewa wanda ya sa biyu mugu ne. Da ka gama ka ce in buga. Ban kai rabin baiti ba ka riƙe mini wuyan hannu: "Yatsu ne da kai ko guduma? Fiyano ne, ba ɓarawo ka kama ba." Zagi dai na sha shi a wurinka har na ƙoshi, amma tun daga ranar hannuna ya yi laushi, masu waƙa suka fara nemana da kansu.

Mako guda kafin ka kwanta na sake kawo maka fiyanon nawa, domin ranar sha biyar ga wannan wata zan shiga sitidiyo da wata mawaƙiya da na shekara biyu ina fatan ta kira ni, kuma ba ni da wani fiyanon. Ka zare madannan duka, ka jera su a kan farin yadi, kana rubuta wa kowanne lamba da fensir a ƙasansa. A haka ciwo ya same ka.

Iyali suka zauna, suka miƙa wa Injiniya mabuɗin shago, tunda shi ne mai sana'a a cikinsu. Ranar Alhamis na je. Na tarar ya kwashe jerin nan naka ya zuba a bokiti, wai yana neman fili a tebur, har ya feshe wasu madannan da man nan nasa, lambobinsu sun goge, yana girgiza gwangwani kamar mai shirin kashe sauro.

"Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka," in ji shi. "Tsohon nan jan aiki gare shi. Minti goma na gama maka."

Na rungume bokiti. Ya kama ɗaya gefen, yana cewa kayan shago sai da izinin mahukuntan shago. Allah Ya sa Gwaggo, matarka, tana ciki ta zo ɗaukar tabaranka da butarka. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sakar masa kayansa. Da ransa bai taɓa bari ka jingina da teburin nan ba."

Ya saki. Kwana biyar na yi a ɗaki ina gwada wanne ke bin wanne, ina dannawa ina saurare, ina jin zaginka a kunnena duk inda na kuskure. Jiya na ɗaure noti na ƙarshe. Bai kai aikinka ba, ko kusa, amma zan shiga da shi gaban mawaƙiyar nan ba tare da sunkuyar da kai ba.

Ya Allah Ka jiƙan Baba, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa haƙurin da ya yi da kayan mutane ya zame masa nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo, da 'ya'yansa, da jikokinsa, da telolin sama waɗanda suka rufe shago suka raka shi makwancinsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ga 'yan'uwana makaɗa kuma: akwai sauran fiyano tara jingine a bangon shagon nan, kuma Injiniya ya sanar da cewa ranar Litinin zai fara aiki a kansu. Wanda ya san nasa na ciki, ya je kafin nan. Wanda ya makara, ya ɗauki wannan takarda a matsayin tasa ta'aziyyar.