Fuskar murmushin da na riƙa dannawa

Jama'a, na san shiruna ya yi yawa. Masu kira ban ɗauka ba, da 'yan zumuntar mata da suka yi ta aiko saƙo, ku yafe mini. Ban so in yi magana ba sai na ga na tashi. Yau na taka da ƙafata har tashar jirgin ƙasa ta unguwarmu Parkchester na dawo, shi ya sa na zauna in ba ku labari.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Ɗaga wannan, kwantar da wancan, har kwatangwalona na dama ya cinye. Aka yi mini tiyata aka sa na ƙarfe.

Kafin a sallame ni, wata nas ta sa mini manhaja a waya. Ta ce masu bincike ne suka haɗa ta don bin lafiyar waɗanda aka sa wa irin ƙarfen nan. Kullum da safe wayar za ta tambayi yadda na kwana, in zaɓi fuska: mai murmushi, mai ɗaurewa, ko mai kuka.

To ni 'yar Kafanchan ce. A gidanmu ko mutum ba ya iya ɗaga kai, aka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce. Haka na ga uwata tana yi har ta koma ga Ubangiji. Waya ta gaishe ni, ni kuma na amsa gaisuwa. Mai murmushi nake dannawa, kullum.

Bayan shekara guda da wani abu, ciwo ya dawo a makwancin cinya. Sai gajiya. Sai kunnena ya fara ƙara kamar kukan gyare. Bakina ɗanɗanon ƙarfe, kamar na tsotsi makulli. In na hau matakalar tashar jirgi, zuciyata sai ta yi ta bugawa kamar za ta fito.

Duk da haka, mai murmushi.

Maigidana Bulus ya kama ni wata safiya ina dafa bango, waya a hannu. Ya ce, "Maman Alheri, wannan fuskar ta wa ce? Ni dai ba ita nake gani a gidan nan ba." Na ce ya bar ni, ba zan yi wa Allah butulci ba.

Shi ne ya sa ni cikin wani zaure na intanet, na masu kwatangwalon ƙarfe. Ban taɓa cewa uffan ba, karatu kawai nake yi. Ran nan wata mata ta rubuta ciwonta, wallahi kamar ta leƙa jikina. A ƙasa wani injiniya, wanda aikinsa nazarin ƙarafa ne kuma shi ma an sa masa, ya yi bayani. Ya ce a wasu nau'o'in ƙarfe ne ke gugar ƙarfe, ɓurɓushin yana shiga nama da jini. Ya ce shi ba likita ba ne, amma mai irin waɗannan alamu ya je ya nemi a auna sinadarin ƙarfen da ake kira kobalt a jininsa.

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙugu, aka auna zuciya da kunne. Muka yi ta fama da kamfanin inshora kafin su yarda su biya. Ranar sakamako likita ta juyo mini da kwamfutarta. Fuskokin murmushina ne jere, allo ya cika.

Ta ce, "Wanda duk ya danna mai kuka, na'urar tana sanar da mu, mu kira shi. Ke ba ta taɓa kawo sunanki ba. Cikin waɗanda ƙarfen ya karɓa muke lissafa ki."

Nan na fashe da kuka. Naman da ke kewaye da ƙashin ya fara lalacewa, zuciyata ma ta taɓu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da amsata ake auna ko ƙarfen yana da kyau a sa wa wani.

Aka sake tiyata, aka cire shi aka sa na tangaran. Koyon tafiya daga farko, da sanda, da hawaye. Bulus ne mai wanka, shi ne mai tuwo, ko da yake tuwon sai dai a ci don zumunci. Zuciya ta daidaita. Kunnen hagu dai bai dawo duka ba, kuma an ce wataƙila ba zai dawo ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Bulus, da likitata, da matar da ta faɗi ciwonta a fili ba tare da ta san ni ba.

'Yan'uwa, in an sa muku wani abu a jiki, ku tambayi sunansa da abin da aka yi shi da shi. In jiki ya canza, ku koma asibiti, kada ku tsaya a intanet. In na zo gaishe ku, ku ce mini da sauƙi, zan ce Allah ya ƙara. Amma likita ba gaisuwa ya zo yi ba.

Washegarin da na dawo gida wayar ta tambaye ni yadda na kwana. Na danna mai kuka. Ko shayina ban shanye ba, nas ta kira.