Aladu Shida a Ramina

A shekarar korona ina gadin wani gidan ma'aikata a Al Rayyan. An kulle su ciki saboda cutar, ni kuma aikina in tsaya a ƙofa kada kowa ya fita. Da azahar sukan leƙo ni ta tagogi. Wannan kallon ne ya dawo mini da aladun.

Ina da ƙarfina na yi aiki a wani gandun daji a kudancin Ghana. Aladun ƙauyuka sun tsere cikin kurmin sun hayayyafa, suna tone saiwar ƙananan itatuwa, suna cinye ƙwan tsuntsayen da ke kwanci a ƙasa. Shugaban gandun ya ɗauke mu, Musulmi huɗu, don ya san ba za mu ci naman ba, balle mu sayar. Namu mu haƙa rami mu rufe da ganye, maharbi ya zo da safe ya harbe abin da ya faɗa. Daga baya na ga irin aikin a Gabon da Malesiya, ko'ina wanda ya ɗana tarko shi ke ƙarasa abin da ya kama. Mu kuwa ko igiyar da ta taɓa alade ba ma riƙewa.

Wani rani maharbin ya kwanta zazzaɓi. Uwa da 'ya'yanta biyar suka faɗa ramina. Ina da adda, ina da tsani. Ban kashe su ba, ban fitar da su ba, ko ruwa ban zuba musu ba. Kullum in leƙa, su ɗago kai. Rana ta shida babu wanda ya ɗago.

Ana tsakiyar hidimar kofin duniya na sami wani direba ɗan Zangon Kumasi, dattijo mai karatu, a shagon shayi a Al Muntazah. Na ba shi labarin, na ce, "Malam, za a tambaye ni kuwa? Alade ne fa."

"Kai da ka zaga duniya, sai a kan shayina za ka kawo alade?" Ya yi 'yar dariya, sannan ya daɗe yana juya kofinsa. "Alhaji, cinsa aka hana ka. Wa ya hana ka ba shi ruwa?"

"To yanzu fa?"

"Istigfari. Khalas, shi ke nan, me kuma zan ce maka?"

Na yi, ina kuma yi. Sai dai Allah nake roƙo, su shidan nan kuwa har yau ban san ta inda zan nemi yafiyarsu ba.