Damin da Malam Sada Ya Ƙi Karɓa

Har yau in na ji ana kiran Malam Sada na Gazara sarkin surutu, raina ɓaci yake. Mutumin da ya tsare wa magidanta gonakinsu!

Tun yana saurayi ya kama aikin malamin daji a En'e, zamanin Turawa. Da zai tafi, ya ba ɗan'uwansa Tanko aron fadamarsa. Al'ada ce mai aro ya kai wa mai gona dami duk kaka, gari ya shaida gonar tana da mai ita. Tanko kan kawo, Sada ya ce, "Haba Yaya, ina cin albashi zan karɓi dawarka? Mayar wa yara."

Wannan kara ita ta cuce shi. Da ya yi ritaya ya dawo gida, ya tarar Tanko ya rasu, ɗan marigayin, Tukur, ya ce fadama gadonsa ce. Dagaci ya tambayi dattawa ko akwai wanda ya taɓa ganin dami ya shiga gidan Sada. Babu. Shi ke nan, tsoho ya tashi ba inda zai sa fartanya.

Matarsa Lantana ta ce, "To Malam, sai mu dafa kirkin naka mu ci."

Bai yi zuciya ba. Ya rubuta ɗan littafi da ajami kan shirin barin aiki, ya riƙa bin kasuwannin Makarfi da Ikara da Kudan a keke. Inda ya ga ɗan doka ko masinja, sai ya tare shi.

"Samari, kakin nan aro ne. Wa ke noma gonarka? Je ka karɓi daminka da rana, gaban mutane!"

Wasu su yi dariya. Amma wani masinja, Ja'afaru na Furana, ya ji. A kakar nan ya je ya karɓi nasa gaban dattawa, mai aron yana ta ƙunƙuni. Da ya ajiye aiki, gonarsa na nan.

Shi ya zo har Gazara ya durƙusa gaban Malam Sada. "Baba, fadamata ta fi ƙarfina. Zo ka kama gefen rafi."

Sada ya dasa rake. Shekara na zagayowa Lantana ta fara kai mazarƙwaila kasuwar Makarfi, shi kuma ya ci gaba da tare masu kaki, yanzu da guntun rake a hannu yana ba su.