Jirgin Ruwan da Muka Hau da Inna

Ina ɗan shekara bakwai aka tura babana kwas Ingila, ya ce ba zai tafi ya bar mu ba. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Zariya, don haka tafiyarmu zuwa Legas ba ta ba ni mamaki ba, na saba da ƙarar ƙarfe da hayaƙin kwal. Abin da ya tarye mu a bakin ruwan Apapa ne ban taɓa ganin irinsa ba. Na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Na tambayi Baba wane ne mai wannan gida, ya yi dariya ya ce, "Ba gida ba ne, shi za mu hau."

Kusan mako biyu muka yi a kan teku. Har yau in na rufe ido ina jin warin jirgin nan, fenti da gishiri da man inji. Akwai wani mutum mai fararen kaya da ke zagayawa yana buga ɗan kuge in lokacin cin abinci ya yi, ni kuwa ina biye da shi har sai ya kore ni. Baba yakan shimfiɗa buzunsa a saman jirgi, ya tambayi ma'aikata inda gabas take, su nuna masa. Na ga kifaye suna tashi sama da ruwa kamar tsuntsaye, na sheƙa ɗaki don in gaya wa Inna, mahaifiyata, na tarar da ita kwance tana tsotsar lemun tsami. Yawancin tafiyar haka ta yi ta a kwance. Sanyi kuma bai auka mana ba, a hankali ya zo, kullum Inna na ƙara mini riga ɗaya, har ranar da muka sauka ina tafiya kamar an naɗe tabarma.

Bayan shekara muka dawo ta ruwa. Kafin in girma in iya biya wa kaina, jirgin sama ya kashe wa waɗannan jiragen kasuwa. Amma abin bai fita raina ba. Duk inda na ga hoton jirgin ruwa, a kalanda ko a gwangwanin biskit, sai na yanke na adana.

Sai ga shi Allah ya kai abincina Riyadh, garin da ko rafi babu a unguwarmu. Na sami aikin harhaɗa magunguna a wani asibiti, muka kama gida a unguwar Al-Naseem da matata Hajiya da 'yarmu. Abokan aiki in sun sami hutu sai su nufi Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid su wuce gida. Ni kuwa in mun je Umra, sai na san dalilin da na kawo muka biya ta Jidda, in zauna a bakin teku ina kallon jiragen kaya. Akwai shekarar da na hau jirgin da ke ƙetarawa Sawakin ni kaɗai, ba ni da kowa a Sudan, na kwana biyu na juyo. Hajiya ta ce in da wani ne ya yi haka, da ni zan fara cewa a duba lafiyarsa.

Labarin jirgin Apapa kuwa, babu baƙon da ya ci tuwo a gidanmu bai ji shi ba. Da na ce, "Ina ɗan shekara bakwai," sai Hajiya ta kwashe kwanuka ta shige kicin. 'Yarmu, wadda a Riyadh ta tashi har Larabcinta ya fi Hausarta, takan ƙarasa mini jimlolin tana dariya.

Ita ce ta kawo ƙarshen maganar baki. Tana jami'a a lokacin. Wata Juma'a bayan mun ci abincin rana ta miƙo mini wayarta, ga hoton wani farin jirgi na yawon shaƙatawa da ke tashi daga Dubai ya zaga har Maskat.

"Khalas, Baba, ya isa haka," ta ce. "Kai da Mama za ku tafi a hutun sanyi. Ka nemi bizar fita da dawowa a wurin aiki, sauran ka bar mini."

Hajiya ta ce, "Ni? Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ku je ku dawo lafiya."

"Mama, ni ina da jarrabawa. In ba ki je ba, shi kaɗai zai tafi, kuma ya dawo da sabon labari."

Hajiya ta dube ni, sannan ta ce to, gara ta je ta gani da idonta.

Na shirya mata maganin jiri da na tashin zuciya, na yi mata bayanin yadda ake sha kamar ban san ta yi shekaru tana auren mai magani ba. Na gaya mata kada ta ji tsoro in jirgi ya fara rawa, ta dubi nesa kawai.

Da muka shiga jirgin a Dubai, jikina ya yi sanyi. Ya ninka na yarintata girma nesa ba kusa ba, amma da za a rufe wa mutum ido a kawo shi ciki, zai rantse yana ɗaya daga manyan kantunan Riyadh ne. Ga lifta ta gilashi, ga shagunan turare da agogo, ga kiɗa ta ko'ina. Na shaƙi iska ina neman warin da na sani, sai ƙamshin abin fesa ɗaki. Ba mai buga kuge, abinci a shimfiɗe yake dare da rana. Alƙibla ma a talabijin ɗin ɗaki muka riƙa lissafa ta, daga taswirar da ke nuna inda jirgi ya dosa.

Da muka fita daga mashigar Hurmuz iska ta taso. Ni da na yi shekara hamsin ina kiran kaina ɗan teku, ni ne na kwanta. Hajiya ta ɓallo maganin da na tanadar mata ta ba ni da ruwa, ta ce, "Alhaji, ka dubi nesa kawai." Ta ja mayafinta ta fita. Kafin in warware ta san jirgin ciki da bai. Ta yi ƙawa da wata dattijuwa 'yar Masar, ta gano inda ake gasa kifi mai kyau, har ta sa wani mai dafa abinci ɗan Indiya yana ajiye mata barkono.

Ranar da na samu kaina, bayan sallar asuba na bi wata 'yar hanya ta gefe har na ɓulla can bayan jirgi, a hawa na ƙasa inda mutane ba su cika zuwa ba. A nan na ji rawar inji a tafin ƙafata, na ga farin kumfa ya miƙe kamar hanya har inda ido ya tsaya. Na daɗe a tsaye. Hajiya ta same ni a wurin, riƙe da kofin shayi biyu.

"Ba shi ba ne, ko?" ta ce.

"Ba shi ba ne. Sai dai nan wurin."

Ta miƙo mini shayin, ta jingina da ƙarfe. "Kullum kana cewa ruwa ne ya kwantar da Inna. Ka san ba ruwa ba ne?"

Na ce to mene ne.

"Ciki ne da ita. Cikin ƙanwarka. Ita da bakinta ta gaya mini, lokacin da na yi wankan jego a wurinta."

Na yi lissafi a zuci, na ga haka ne, a Ingila aka haifi ƙanwata. Ban taɓa haɗa abin ba.

Hajiya ta ci gaba. Ta ce Inna ta gaya mata a tafiyar zuwa kullum sai ta yi kuka, tana ganin ba za ta sake saduwa da mahaifiyarta ba. Amma a dawowa, da jaririya a hannu, ba ta so a iso Legas ba. Wai tunda aka kai ta ɗakin miji, ba ta taɓa zama wani ya dafa ya kawo gabanta ya kuma kwashe kwanuka ba sai a jirgin nan. Takan zauna a bakin 'yar tagar ɗaki tana shayarwa tana kallon ruwa, ba tsintsiya, ba murhu.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?" na tambaye ta.

"In ka fara labarin, Alhaji, akwai inda kake barin ƙofa mutum ya shiga?"

Muka yi dariya, amma ni idona ya cika. Inna ta daɗe da rasuwa a lokacin. Na yi ta ƙoƙarin tuno ta a bakin tagar nan, na kasa. Na tuna igiyoyi, na tuna bututun hayaƙi, na tuna har launin bargon gadona, amma a dawowar ban riƙe fuskarta ba ko sau ɗaya. Ina can ina gudu a saman jirgi.

Sauran kwanakin na daina neman jirgin da. Na bi Hajiya ta nuna mini nata. Muka sauka Maskat muka sayi turaren luban da halawa, muka dawo muka zauna aka kawo mana abinci, na lura da yadda take jingina da kujera tana cin abinta a natse.

Bayan wannan mun sake hawa sau biyu kafin in ajiye aiki mu bar Riyadh, sau ɗaya ma har Bahar Rum, kuma duka ita ce ta fara tayar da maganar.

Amma abin da na fara yi da muka koma Al-Naseem daga tafiyar farko, tun ba mu kwance akwatuna ba, shi ne kiran ƙanwata a Kaduna. Bayan gaisuwa na ce mata, "Ashe ke ma da ke aka tafi Ingila a jirgin nan."

Ta ce, "Yaya, sai yau ka sani? Ai kowa a gidan ya sani." Ta tambayi lafiyar Hajiya, na miƙa mata wayar, suka shiga hirarsu, ni kuma na tashi na ɗora mana shayi.