Wuƙar Suna Ta Kai Ni Filingué

Mun tashi da asuba daga Yamai, ni da ƙanin matata, da wuƙar gidanmu naɗe cikin tsumma a ƙasan jakata. Da ita ake yanka ragon sunan kowane ɗa a zuriyarmu tun zamanin kakana. Saura kwana biyu sunan ɗana na fari, sai na sa ta ɓamɓare murfin gwangwanin fenti. Na ji ƙas! Ƙarfen ya kama rawa cikin ƙota. Baba bai sani ba. Na dai san maƙeran da suka ƙera ta suna Filingué.

Hanyar ba laifi, sai ramuka da shingayen jandarma. A Baleyara, garin babbar kasuwar dabbobi, muka ci kopto, kwaɗon zogale irin na Zabarmawa. Na leƙa kuɗin raguna, na gode Allah da na riga na sayi nawa.

Ƙanin matar tawa malamin Ingilishi ne, kuma bakinsa ba ya hutawa. Wai wutsiyar ƙarfen nan da ke shigewa cikin ƙota Turawan Ingila “tang” suke ce mata. Sun aro kalmar daga matuƙa jiragen ruwa na can arewacin Turai, asalinta tsini. Haka kuma suke kiran ɗanɗano mai cizon harshe irin na tsamiya, har wata tsohuwar daular Sin ma sunanta ke nan, ko da yake haɗuwa ce kawai. Na ce masa ni dai in wutsiyar ta karye, na shiga uku. Daga nan muka ratsa gonakin geron Kurfai, ƙasar da Filingué take.

A bayan kasuwa muka sami maƙerar. Wani dattijo ya karɓi wuƙar, ya jujjuya, ya ce aikin mahaifinsa ne. Da ya tsage ƙotar sai da na kau da kai.

“Kwantar da hankalinka, ɗana,” in ji shi. “Itacen ne yaf fashe. Wutsiya lahiya lau take.”

Na zauna daɓas a ƙasa don daɗi. Sai ya nuna mini wani kumburi a tsakiyar wutsiyar.

“Ka ga wanga ɗori? Ni na yi shi. Tsohonka yak karya ta yana sarar ƙashi, ana gobe sunanka. Lokacin nan kusa gidanku yake. Kan raƙumi yat taho, ido ja wur.”

Ya gasa wutsiyar, ya zura ta cikin sabuwar ƙota, hayaƙi ya tashi, ta kama gam. Muka sha fura muka juyo.

Kafin magariba muna gida. Tafiyar ta koya mini cewa na fi tsoron Baba fiye da yadda ya kamata. Na miƙa masa wuƙar ina haɗa kalmomin ban haƙuri. Ya shafa sabuwar ƙotar, ya daɗe yana kallonta.

“Ya nuna maka ɗorin?”

Na ce e, Baba.

“To, kakanka har ya rasu bai sani ba. Je ka wasa ta.”