Yaya Sule mai gidan gem na Limawa

Shekara tara ke nan da Allah Ya karɓi ran yayana Sule. Jiya na bi ta Limawa a keke, na ga shagonsa yanzu siminti ake sayarwa a ciki.

Asalinsa mai gyaran rediyo ne. Da ya ga yara na zuwa har Ketaren Gwari don buga gem, sai ya harhaɗa tsofaffin talabijin huɗu da masu su suka yi watsi da su, ya gyara, ya haɗa su da na'urorin gem, ya jera benci biyu. Nan muka koyi ƙwallo da dambe da tseren mota. Ɗakin zafi, janareta na ta ƙugi, amma wanda bai samu wuri ba sai ya tsaya ta taga yana koya wa na ciki yadda zai buga. Yaran Hausawa da na Gwari da na Nufawa, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, duk benci ɗaya.

Yana da dokoki, kuma ba ya sassautawa. Mai kayan makaranta ba ya shiga sai an tashi. Wanda ya yi zagi ya bar pad, wato abin buga gem ɗin, ya fita, ko da shi ke cin wasa. Ni kaina, ƙaninsa ciki ɗaya, ya kore ni sau biyu.

Da wayoyi suka yawaita, benci ya fara zama fayau. Sai wani mutum ya zo masa da shawarar su mai da wurin gidan cacar ƙwallo, ya ce matasa za su dawo har su rasa wurin tsayawa. A lokacin Yaya na da 'ya'ya biyar, ga ciwon suga ya fara cin sa. Na ba shi baki a kan ya karɓa, kuma har yau ina jin kunyar hakan. Ya dube ni ya ce, "Auwalu, iyayensu sun yarda da ni ne suka bar su suna shigowa nan. Ba zan ci amanarsu ba." Ya sayar da talabijin ɗin, ya koma gyaran rediyo a rumfa har ƙarshen rayuwarsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga 'ya'yana yau, kowa a kusurwarsa da waya, suna wasa da mutanen da ba su taɓa gani ba. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai dai tambaya wa ke raba su in sun yi rigima.

Bai bar gida ko fili ba. Amma ranar jana'izarsa magidanta da yawa sun zo waɗanda iyali ba su sani ba. Wani ma'aikacin jinya, Danjuma, ya riƙe hannuna ya ce shi ma Yaya ya taɓa korarsa, kuma tun ranar bai sake zagin uwar kowa ba. Allah Ya jiƙan Yaya Sule.