Zanen Tsohon Fadamar Danchadi

Na daɗe ina sana'ar zane a Bodinga, amma zuwan wata mata shagona abu ne da ba zai taɓa fita raina ba.

Tun farkon fara aiki nake da wata al'ada. Duk zanen da na gama sai in rubuta masa lamba a bayansa, in ɗauki hotonsa, sannan in shigar a littafi: abin da na zana, girmansa, da wanda ya tafi da shi. Abokaina har tsiya suke yi mini, wai na mayar da kaina ma'aikacin sito. Ni ma a lokacin ban ɗauki abin da wani nauyi ba, tsari kawai nake so.

Wata rana da hantsi ina rubuta allon wani mai kanti, sai ga matar ta yi sallama. Bayan mun gaisa ta ce, “Malam, kai ne anka ce kana zanen mutane? Babanmu ya rasu da azumi. Inna tac ce wani mai zane ya taɓa iske shi fadama, can Danchadi.”

Ta ce tsohon bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Guda ɗayan da ya zama dole, na jikin katin shaidarsa, ma ya goge, ga jikoki suna tasowa ba su san fuskarsa ba.

Na zana manoman albasa da yawa, don haka na fito da hotunan a wayata muna dubawa ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta dafe allon wayar. Wani dattijo ne durƙushe a bakin fangali, wato kwamin shuka, yana riƙe da damin albasa. “Wanga shi ne,” in ji ta.

Na ce zan iya sake zana mata daga hoton. Ta girgiza kai. Ainihin zanen da tsohon ya zauna aka yi a gabansa take so.

Littafi ya nuna wani mai kemis ne a Shagari ya saya. Washegari muka shiga mota, ni da ita da mijinta. Muka tarar mai kemis ya koma Sakkwato da zama, shagon kuma yanzu na wani tela ne. Telan ya saurare mu da kyau, ya ce wallahi bai taɓa ganin wani zane ba, kantar jera kaya da tarkace kawai ya gada.

Mun yi sallama ke nan, na zagaya bayan shagon neman ruwan alwala, sai idona ya kai kan wata taga da aka toshe da falankin katako. A jikinsa ga lamba, rana ta cinye fentin, amma rubutun hannuna ne. Na kira telan. Muka shiga ɗakin ajiya, ya janye buhunan ƙyallaye, sai ga tsohon yana kallonmu. Da yake fuskar tana ciki, ruwa bai taɓa ta ba, gefe ɗaya kawai gara ta ɗan ci.

Telan ya ciro kusoshin da kansa. Da mijin ya yi maganar biya, ya ce, “Haba, mutum da ubanai? Ku dai samo mini langa-langa in rufe tagar.”

Na raka su har Danchadi. Tsohuwar, innar matar, ta sa aka jingina zanen a jikin rumbu, ta daɗe tana kallo. Can ta juyo gare ni ta ce, “Yaro, ka rage mishi kunne.” Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska.

A hanyar komawa na fahimci cewa zane yana barin hannuna ne ya shiga rayuwar mutanen da ban sani ba. Mai sana'a ya san inda aikinsa ya tafi, domin wata rana wani zai zo nema, kuma ba don kyan fenti ba.